Kusheyin Duwatsu na Tsaunin Carrowkeel: Abin da Ƙasusuwa ke Faɗa wa Masana

Gabatarwa

A yamma da Birtaniya akwai tsibirin Ailan, a arewa maso yammacin tsibirin kuma akwai wata gunduma da ake kira Sligo. A kudancin wannan gunduma ne jerin tsaunukan Bricklieve suke, masu tsayin kimanin mita 300, suna kallon tafkin Arrow da ke shimfiɗe a gindinsu. Duk wanda ya daure ya hau kansu zai tarar da wasu manyan tsibin duwatsu masu launin toka, guda 14, kowane a kan ƙololuwar tudu inda za a hango shi daga nesa. Wannan wuri shi ake kira Carrowkeel. Tsibin duwatsun nan kuwa kusheyi ne, wato kaburbura, waɗanda wasu manoma suka gina fiye da shekaru 5,000 da suka wuce, ɗaruruwan shekaru kafin a aza harsashin babbar dalar Giza ta ƙasar Masar.

Mutanen da suka yi wannan aiki ba su san ƙarfe ba, ba su kuma bar rubutu ko ɗaya ba. Saboda haka duk abin da za a sani game da su sai an tatso shi daga abubuwa uku: duwatsun da suka jera, ƙasar da suka noma, da kuma ƙasusuwansu. Biyu na ƙarshen nan aikin masana ilmin halittu ne. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna wa mai karatu yadda ake karanta ƙashi kamar yadda ake karanta littafi, da abin da aka karanto a Carrowkeel, da kuma inda ya kamata mai bincike ya ja linzami don kada ya ɗora wa ƙashi maganar da bai faɗa ba.

Yadda Kusheyin Suke

Masana tarihin tono suna kiran irin wannan gini kabari mai lungu. Dalilin sunan shi ne, daga ƙofa akwai wata siririyar hanya mai bango da rufin dutse, wadda a wasu wuraren sai mutum ya yi rarrafe kafin ya wuce. Ƙarshen hanyar yana buɗewa cikin wani ɗaki inda mutum zai iya miƙewa tsaye, a gefen dama da hagu da kuma can ƙurya akwai ƙananan ɗakuna uku. Rufin ɗakin an yi shi ne ta hanyar jera falalen duwatsu sahu bisa sahu, kowane sahu yana ɗan shigowa ciki fiye da na ƙasansa, har su kusa haɗuwa a sama, sannan a rufe da dutse guda. Ba a sa laka ko wani abin ɗauri ba, nauyin duwatsun ne kawai ke riƙe juna. Bayan an gama sai a tara dubban duwatsu a kai har ginin ya zama tudu.

An san irin waɗannan kaburbura fiye da 200 a Ailan, yawancin manyansu kuwa suna cikin rukuni huɗu: Carrowkeel da Carrowmore a Sligo, sai Loughcrew da kuma kwarin kogin Boyne a gabashin ƙasar. A kwarin Boyne ne shahararren kabarin Newgrange yake, wanda aka gina wajen shekara ta 3200 kafin Miladiyya, mai lungu mai tsawon mita 19. A saman ƙofarsa akwai wata 'yar taga. A shekarar 1967 Farfesa Michael O'Kelly ya shaida yadda hasken fitowar rana ke shiga ta wannan taga har ƙuryar ɗakin, na kimanin minti 17, a ranakun da suka fi gajarta a shekara, wato wajen 21 ga Disamba. A Carrowkeel ma akwai kabarin da ke da irin wannan taga, wanda aka yi wa alama da harafin G, sai dai shi hasken faɗuwar rana yake karɓa a ranakun da suka fi tsawo, wajen watan Yuni. Ke nan magina sun san tafiyar rana sarai, kamar yadda ya wajaba ga duk al'ummar da abincinta ya dogara ga sanin lokacin shuka.

Tonon Shekarar 1911

A shekarar 1911 wasu masana uku, R.A.S. Macalister da E.C.R. Armstrong da masanin tsirrai Robert Lloyd Praeger, suka buɗe da yawa daga kusheyin cikin 'yan makonni. Sun tarar da tarin ƙasusuwan mutane, wasu ƙonannu wasu ba ƙonannu ba, tare da ɓaraguzan tukwanen ƙasa, da duwatsun wuya, da ƙananan dunƙulen alli, da tsinkunan da aka sassaƙa daga ƙashi da ƙaho. An yi aikin cikin gaggawa, ba a kuma rubuta matsayin kowane ƙashi dalla-dalla yadda ake yi a yau ba. Wannan asara ce da ba ta gyaruwa, domin tono sau ɗaya ake yin sa, wanda ya tono wuri ya rushe shi ke nan.

Amma an yi dace ta wani ɓangare. An aika da ƙasusuwan Jami'ar Kambirij ta Ingila, wurin mahaifin Macalister wanda yake farfesan ilmin gaɓoɓin jiki, aka adana su cikin akwatuna. Suka yi kusan shekaru 100 a can kafin wani rukunin masana ya sake buɗe su da kayan aikin zamani.

Kafin mu shiga binciken, akwai tambayar da ya kamata a amsa: yaya aka yi ƙashi ya shekara 5,000 bai narke ba? Ƙashi haɗi ne na abubuwa biyu, wato wani furotin mai danƙo da ake kira kolajin, da kuma ma'adinin kalsiyam wanda ke ba shi tauri. Ƙasa mai tsami tana narkar da ma'adinin, shi ya sa a wurare da yawa ba a samun komai cikin tsofaffin kaburbura. Tsaunukan Bricklieve kuwa na dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake yin siminti da shi, wanda ke kashe kaifin tsami. Daɗin daɗawa, cikin ɗakin akwai sanyi da duhu a kowane lokaci, abin da ke rage aikin ƙwayoyin da ke ruɓar da jiki.

Auna Shekarun Ƙashi

Hanyar da ake bi don sanin shekarun ƙashi ita ce ta kabon mai lamba 14, wadda Willard Libby na Amurka ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1940, har ta sa aka ba shi kyautar Nobel a 1960. A cikin iska akwai ɗan ƙaramin kaso na wannan nau'in kabon. Tsirrai suna shaƙar sa, dabbobi su ci tsirrai, mutum ya ci duka biyun. Muddin mutum yana raye, yawansa a jiki yana daidai da na iska. Da zarar ya mutu sai shigowarsa ta tsaya, wanda ke jiki kuma ya riƙa raguwa a hankali, rabinsa yana ɓacewa a kowace shekara 5,730. Alal misali, ƙashin da ya shekara 5,000 yana ɗauke da ɗan fiye da rabin abin da yake da shi ranar da mai shi ya rasu. Da aka auna ƙasusuwan Carrowkeel sai aka ga yawancinsu na tsakanin shekara ta 3500 ne zuwa ta 3000 kafin Miladiyya, akwai kuma waɗanda aka sa daga baya. Ma'ana, zuriya bayan zuriya sun riƙa komawa kan tsaunin da mamatansu na tsawon ɗaruruwan shekaru.

Ƙasar da Suka Zauna

Yau kan tsaunin fili ne mai iska, lulluɓe da wani irin dausayi na gansakuka da ruɓaɓɓen tsiro. Wannan dausayi, saboda tsaminsa da rashin iska a cikinsa, yana adana garin fure, irin wanda manomi ke kira bununi a jikin gero. Kowane tsiro yana da siffar bununinsa, haka kuma ɓawonsa yana jure dubban shekaru. Idan aka soka bututu cikin dausayi ko cikin lakar gindin tafki aka zaro, za a samu tarihin tsirran yankin a jere, na dā a ƙasa, na baya-bayan nan a sama.

Irin wannan bincike ya nuna cewa lokacin da manoma suka iso, tsibirin a rufe yake da kurmi. Daga wajen shekara ta 3750 kafin Miladiyya sai bununin itatuwa ya ragu a wurare da dama, na ciyawa da na hakukuwan gona ya ƙaru. An kuma samu ƙonannun ƙwayoyin alkama da sha'ir a kufan gidaje. Wani abin lura shi ne, babu shanun daji ko tumakin daji a Ailan kafin wannan lokaci, haka ma alkama da sha'ir. Ke nan mutanen sun ɗauko iri da maruƙa da 'yan tumaki cikin kwale-kwale suka ƙetare teku da su. An kuma gano maiƙon madara a jikin ɓaraguzan tukwanensu, alhali binciken gado ya nuna manoman wancan zamani ba su da ƙwayar gadon da ke sa babban mutum ya iya narkar da sukarin ɗanyar madara. Mai yiwuwa suna sarrafa ta ne ta yi tsami kamar kindirmo ko cuku, domin hakan yana rage sukarin.

Yadda Suke Yi da Gawa

A shekarar 2017 Dokta Jonny Geber da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon nazarin da suka yi wa ƙasusuwan da ke Kambirij. Sun samu ƙasusuwan maza da mata, manya da yara. A jikin wasu da ba a ƙona ba sun ga sawun yanka na wuƙar dutse, ba kuma a ko'ina ba, sai daidai wuraren da jijiyoyi ke riƙe da manyan gaɓoɓi, kamar kafaɗa da gwiwar hannu da ƙugu da idon sawu. Wanda ya yi yankan ya san jikin mutum, ya san inda zai sa wuƙa gaɓa ta rabu.

Wasu gawarwakin kuma ƙona su aka yi. Ƙashin da wuta ta ci sosai yana yin fari, ya tsuke, ya tsattsage, kuma kai shi ga wannan hali yana bukatar zafin da ya wuce digiri 600 na ma'aunin Salshiyas da itace mai yawa. Dukkan hanyoyin biyu, yanka da ƙuna, suna kai wa ga abu ɗaya, wato raba ƙashi da nama cikin hanzari. Daga nan sai a shigar da ƙasusuwan cikin ɗakin a gauraya su da na waɗanda suka riga su. Masu binciken suna ganin wannan wani ɓangare ne na jana'iza mai matakai da yawa, wadda a ƙarshenta mamaci ke shiga cikin taron kakanni. Wannan al'ada tana iya ɗaure wa mai karatu kai, amma babu alamar wulaƙanci a cikinta, domin ba a gina irin wannan ɗaki don wanda aka raina.

Shaidar Sinadarin Gado

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai sinadarin gado da ake kira DNA, a naɗe cikin kuromosom 46, rabi daga uwa rabi daga uba. Bayan mutuwa wannan sinadari yana gutsuttsurewa, wuta kuwa tana lalata shi gaba ɗaya, don haka sai ƙashin da ba a ƙona ba ne ke da amfani a nan. A shekarar 2014 aka nuna cewa ƙashin da ya fi adana shi shi ne wanda ke kewaye da kunnen ciki, a gindin ƙoƙon kai, saboda yana cikin ƙasusuwa mafi tauri a jikin mutum. Wannan ya buɗe ƙofa ga bincike mai yawa.

A 2015 masana na Kwalejin Trinity da ke Dublin suka karanta gadon wata mata manomiya da aka binne a Ballynahatty, kusa da Belfast, kimanin shekaru 5,200 da suka wuce. Tana da baƙin gashi da idanu masu ruwan ƙasa, mafi yawan asalinta kuwa yana komawa ne ga manoman farko na Gabas ta Tsakiya, waɗanda zuriyarsu ta bazu cikin Turai daga yankin Anatoliya, a ƙasar Turkiyya ta yau. Ke nan noma ya shiga Ailan ne tare da sababbin mutane. Kafin zuwansu akwai mafarauta da masunta a tsibirin, kuma an samu shaidar cewa an ɗan yi auratayya tsakaninsu.

A 2020 Dokta Lara Cassidy da Farfesa Daniel Bradley da abokan aikinsu suka fitar da sakamakon karanta gadon mutane 44 na dā. Abu na farko da suka gano shi ne zumunci. Wasu daga mutanen Carrowkeel suna da dangantaka ta jini, ko da yake ta nesa ce, da wani mutum da aka sa a Carrowmore, da wani a Millin Bay can gabar gabas, da kuma wani a Newgrange, alhali tsakanin Sligo da Newgrange akwai tafiyar kimanin kilomita 150. Abu na biyu ya shafi abinci. Nitirojin mai lamba 15 yana ƙaruwa a jiki gwargwadon yawan nama da madarar da ake ci, kuma ƙasusuwan kaburbura masu lungu sun nuna yawansa fiye da na waɗanda aka binne a wasu irin kaburbura.

Wannan ma'auni na nitirojin ya tona wani labari mai taɓa zuciya. A kabarin Poulnabrone da ke gundumar Clare, wanda wani irin gini ne daban, an samu ƙashin jariri namiji mai kuromosom na 21 guda uku maimakon biyu, wato larurar da likitoci ke kira ciwon Down. Nitirojin da ke ƙashinsa ya nuna an shayar da shi nono, domin jaririn da ke shan mama yana da shi fiye da uwarsa. An rene shi har ƙarshen gajeriyar rayuwarsa, aka kuma sa shi a wuri mai daraja, kimanin shekaru 5,500 da suka wuce.

Mutumin Newgrange da Gardamar Sarauta

Abin da ya fi jan hankalin duniya a binciken 2020 shi ne guntun ƙoƙon kan mutumin Newgrange, wanda aka samu a ƙaramin ɗakin da ke hannun dama. Idan iyayen mutum 'yan uwa ne, a wasu wurare na gadonsa abin da ya karɓa daga uwa da wanda ya karɓa daga uba sukan zama iri ɗaya sak, domin kaka ɗaya suka fito. A auren zumunci irin wanda muka sani, tsakanin ɗan wa da 'yar ƙane, lissafi ya nuna abin da ke zama iri ɗaya kashi 1 ne cikin 16. Na wannan mutum kuwa ya kai kimanin kashi 1 cikin 4, abin da ba ya faruwa sai idan iyayen wa da ƙanwa ne, ko uba da 'ya, ko uwa da ɗa.

Kusan dukkan al'ummun duniya sun haramta irin wannan haɗuwa. Inda tarihi ya nuna an halatta ta, galibi gidajen sarautar da ake ɗauka kamar alloli ne, irin na Fir'aunonin Masar da sarakunan Inka na Kudancin Amurka. Bisa wannan ne masu binciken suka kawo ra'ayin cewa mutumin ɗan gidan sarauta ne, kaburbura masu lungu kuma na wata zuriya ce mai mulki da ta bazu a tsibirin, mai cin abinci fiye da talakawa.

Sai dai kuma a shekarar 2025 wasu masana tarihin tono, ciki har da Dokta Jessica Smyth da Dokta Neil Carlin na Kwalejin Jami'a ta Dublin, suka ƙalubalanci wannan fassara. Hujjojinsu su ne: na ɗaya, mutum guda ne kawai aka samu da irin wannan asali, ba a ga na biyu ba. Na biyu, an sha shiga ɗakin Newgrange tun daga 1699 lokacin da aka sake gano ƙofarsa, don haka ba a da tabbacin inda aka samu ƙashin nan ne aka fara ajiye shi. Na uku, dangantakar da aka gano ta nesa ce, tsakanin mutanen da wasunsu ɗaruruwan shekaru suka raba, alhali kabarin gidan sarauta kamata ya yi a ga uba da ɗa da jika. Na huɗu, gidajen zama na wancan zamani ba su nuna bambancin fada da bukka ba. Na biyar kuma, yawancin ƙasusuwan da ke cikin irin waɗannan kaburbura ƙonannu ne, ba za a iya karanta gadonsu ba, saboda haka 'yan kaɗan ɗin da aka karanta ba dole su wakilci sauran ba. A ganinsu kusheyin wuraren taro ne, inda jama'a daga nesa ke haɗuwa a wasu lokutan shekara don aikin gayya da buki da ƙulla aure, wannan ne kuma ya haifar da zumuncin da ake gani cikin jini.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa ɓangarorin biyu ba su yi saɓani kan abin da aka auna ba. Kowa ya yarda iyayen mutumin 'yan uwa ne na kusa. Saɓanin yana kan ma'ana ne: shin abin alfahari ne a wurin jama'arsa, ko abin kunya da aka ɓoye, ko ma ba wanda ya sani? DNA yana faɗin wanda ya haifi mutum, amma ba ya faɗin yadda mutane suka ɗauke shi.

Kammalawa

Zuriyar magina kusheyin ba ta ɗore da rinjaye ba. Daga wajen shekara ta 2500 kafin Miladiyya wasu mutane masu sanin aikin tagulla suka fara shigowa, waɗanda wani ɓangare na asalinsu yake komawa ga makiyayan filayen da ke arewa da Baƙin Teku. Mafi yawan gadon mutanen Ailan na yau daga waɗannan ne. Sannu a hankali dausayi ya rufe kan tsaunukan, sunayen magina da harshensu suka ɓace, duwatsun suka saura.

A 2022 gwamnatin Ailan ta sa kusheyin Sligo cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Hakan ya zo ne a daidai lokacin da ake kuka da ɓarnar masu yawon buɗe ido, waɗanda ke hawa kan tsibin suna zubo da duwatsu, wasu ma suna rubutu a jikin bango. Su ma masana akwai nauyi a kansu, domin duk awon kabon ko na DNA yana cin ɗan guntun ƙashi wanda ba zai dawo ba. Waɗanda suka tona a 1911 ba su taɓa tsammanin za a iya karanta dangin mutum daga ƙashin kunnensa ba, amma da yake an adana abin da suka kwaso, sai ga shi ya yi amfani bayan ƙarni guda. A kan tsaunin Knocknarea, kusa da garin Sligo, akwai wani katafaren tsibin duwatsu mai faɗin mita 55 da tsayin mita 10, wanda har yau ba a buɗe shi ba. Barin sa a rufe ajiya ce ga masanan da za su zo da kayan aikin da suka fi namu.